Wa Ke Riƙe Da Kuɗinmu Idan Banki Ya Ce “Fendin”?



Akwai wata kalmar Turanci da ta shiga bakin mutanenmu ba tare da wani ya koya musu ita ba. Dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya san ta, yaron da ya sauko daga motar tumatir jiya ma ya san ta. A waya ana rubuta ta “pending”, mu kuma muna cewa fendin. Ka sa kati a na'urar POS ta ce bai yi ba, amma alat ya shigo an cire kuɗin. Ko ka tashi da safe ka ga an rage maka dubu bakwai da ɗari biyar, ba sunan wanda ya karɓa sai wasu haruffa da lambobi a cakuɗe. Ka rufe shago, ka biya kuɗin mota, ka bi layi, ka isa gaban tebur, a danna kwamfuta a ce maka yana fendin, ka jira kwana bakwai na aiki. Ka ce to wa ya cire? A ce sai ya gama shiga za a gani.

Mu a ofishin ƙungiya ba mu ɗauki wannan a matsayin amsa ba, kuma muna kira ga kowane ɗan ƙungiya ya daina karɓar ta. Kuɗin da mutum ya ajiye a banki amana ce. Wanda aka ba amana, in ya taɓa ta ko ya tsare ta, dole ya faɗi dalili, ya faɗi hannun da take, ya faɗi ranar da zai sake ta. Ko almajirin da ka ba ajiyar buhun albasa ya san haka.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don rashin sanin nan shi ne ake ci da shi. Lokacin da ka sa kati ka danna lambar sirri, saƙo yana tashi daga na'urar zuwa kamfanin da ya ba mai POS na'urar, daga nan ya bi ta hannun masu haɗa bankuna irin su Interswitch ko NIBSS, sannan ya isa bankinka. Bankinka ya duba ya ga akwai kuɗi, sai ya ware adadin gefe guda, ya mayar da amsa cewa a biya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan amsar ta maƙale a hanya, na'urar ta gaji da jira, sai ta fitar da rasit cewa bai yi ba. Kai an riƙe naka, mai POS kuma bai ga komai ba. A ƙa'ida, nan take ya kamata wani saƙon ya koma ya ce a saki kuɗin. In bai koma ba, sai kuɗin ya zauna a tsakiya yana jiran a daidaita lissafi tsakanin bankunan.

Ku lura da kyau, kuɗin bai ɓace ba, bai bi iska ba, aljani bai ɗauke shi ba. Kowace mu'amala tana da lambarta. Ku duba rasit ɗin za ku ga wata lamba mai guda 12 da aka rubuta RRN a gefenta, da lokaci har da daƙiƙa, da lambar na'urar. Wani lokaci ma za ku ga lamba 91, wadda ke nufin ba a samu bankin mai kati ko mahaɗar ba a lokacin. Duk abin da ke kan wannan 'yar takarda yana cikin kwamfutar banki, har da ƙari. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce maka “ba mu san inda yake ba”, fassarar maganarsa ita ce bai duba ba, ko kuma bai ga dalilin da zai wahalar da kansa saboda kai ba.

Shi kuwa zancen kwana bakwai na aiki, daga ina aka samo shi? Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni wanda ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2020. Ya ce idan ka sa katinka a ATM na bankinka kuɗi bai fito ba, a mayar maka nan take, in na'ura ta gaza kada ya wuce awa 24. Idan ATM na wani bankin ne, awa 48. Idan POS ne ko sayayya ta intanet, a warware cikin awa 72. Kwana uku ke nan. Wannan umarni ya yi shekaru a rubuce, kuma kowane manajan reshe ya san da shi. Amma har gobe ana sallamar mutanenmu da kwana bakwai na aiki, wanda in ka sa Asabar da Lahadi ya zama kwana tara, in kuma abin ya same ka ranar Juma'a ya kai sha ɗaya. In hutun Sallah ko na Kirsimeti ya faɗo a tsakiya, sai abin da Allah ya yi. Kuma bayan kwanakin sun cika, sau nawa ake komawa a tarar ko shigar da ƙorafin ba a yi ba?

Ga abin da ya fi ƙona mana rai. A wannan shekara ta 2020 dai, Babban Banki ya fitar da wata dokar da ake kira GSI, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta. Ita wannan ta ba banki damar, idan ka ci bashinsa ka kasa biya, ya bi lambar BVN ɗinka ya ɗebo kuɗinsa daga asusunka da ke wani bankin daban. Wato kwamfutar da za ta iya gano dubu ashirin ɗin da ka ajiye a wani banki can, ta zaro shi ba tare da sallama ba, ita ce aka ce mana ta kasa gano dubu ashirin ɗin da ita da kanta ta riƙe a cikin gidanta. Doka biyu, shekara ɗaya, daga ofishi ɗaya. Wadda ke kare banki tana tafiya kamar agogo, wadda ke kare mu sai an yi roƙo.

Haka abin yake da sauran cire-ciren. Naira hamsin da ake ɗauka a kan tura dubu goma zuwa sama ba ta taɓa yin fendin ba. Kuɗin alat bai taɓa yin fendin ba. Kuɗin kula da kati, da harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan cajin banki, ba su taɓa cewa sabis ya ɗauke ba. Tun 1 ga Maris, 2025 aka soke cira uku ta kyauta a ATM na wani banki, yanzu naira ɗari ce a kan kowace dubu ashirin, kuma tun kafin kuɗin ya gama fitowa an ɗauke ta. Ba mu ce kada su ci riba ba, mu ma 'yan kasuwa ne. Amma akwai bankunan da ribarsu ta shekarar 2024 ta haura naira tiriliyan ɗaya. Wanda ya ci irin wannan riba ba zai ce mana ba shi da halin gyara na'ura ko ɗaukar ma'aikatan da za su duba ƙorafi a kan lokaci ba.

Wataƙila mai albashi da ke zaune a ofis a Ikoyi ba zai gane zafin abin ba. In an riƙe masa dubu sittin na mako guda, haushi kawai zai ji. Amma ku ɗauki ɗan'uwanmu mai sarin tumatir a Mile 12, wanda duk jarinsa dubu ɗari da hamsin ne. Mota ta iso daga Arewa da asuba, ya sa kati a cire dubu sittin don ya kama kwandunansa, na'ura ta ce bai yi ba, kuɗin ya tafi. Dillali ba zai sauke masa kaya a kan alat ba, kuma yana da gaskiya. Ko dai ya sake biya daga abin da ya rage, ko kayan su wuce shi. Kusan rabin jarinsa ya kwanta na kwana goma, a sana'ar da ake juya kuɗi kullum. Ran da kuɗin ya dawo, dubu sittin ɗin ce cif za ta dawo. Ribar kwana goma da ya rasa, da kuɗin motar zuwa banki sau uku, da kwastomomin da suka koma wajen maƙwabci, babu mai biyan sa. Ga mahauci a Oko-Oba, ga mai shayi, ga mai gadi da ya tara na wata ya je turawa gida saboda matarsa na asibiti. Ma'aikacin asibiti a Gusau ko Azare ba ya karɓar fendin a madadin kuɗin magani.

Kuma a tuna, ba mu muka roƙi a kai mu wannan tsarin ba. Mutanenmu da yawa da tsabar kuɗi suka saba, ka ba ni in ba ka. Canjin kuɗin da aka sanar a Oktoban 2022, da wahalar da ta biyo baya a farkon 2023, ita ta tilasta wa mai goro da mai rake da mai wankin takalmi buɗe asusu da riƙe kati. Kowa ya tuna yadda aka riƙa sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris na shekarar. An ce mana zamani ne, a rage yawo da kuɗi. Mun bi. To wanda ya kori mutane daga tsohuwar hanya, shi ke da alhakin ganin sabuwar ba ta cinye su ba.

Lokacin buɗe asusu, har cikin kasuwa ake biyo mu. A zo da laima da tebur, a samo mai jin Hausa, a gaishe ka da Alhaji ko da ba ka taɓa zuwa ko Ilori ba. Ran da matsala ta taso kuwa, babu mai jin Hausa ko ɗaya. A miƙo maka fom na Turanci, ƙananan rubutu, a ce ka cike. Dattijo mai shekara sittin ya tsaya yana juya takarda a hannu, na bayansa suna tsaki, mai gadi yana cewa a matsa. Da yawa daga nan suke juyawa su ce sun bar wa Allah. Mu ba za mu rantse cewa da gangan aka tsara haka ba, amma mun san wanda ke cin moriyar duk kuɗin da mai shi ya gaji ya daina bi.

Za a ce mana ai ba kowane fendin ne laifin banki ba. Mun sani, kuma ba za mu ɓoye ba. Akwai riƙon da ke kan ƙa'ida. Wasu otal-otal, da manhajojin kiran mota, da shagunan intanet, sukan sa a tsare wani adadi kafin a san ainihin abin da za ka biya, daga baya a saki ragowar. Wasu kamfanonin sukan cire 'yan kuɗi kaɗan don su tabbatar katin na aiki, sannan su mayar. Akwai kuma wanda daga cikin gida ne. Ka ba yaro kati ya ciro maka kuɗi, ya ɗauki hoton gaba da baya, ya je ya ɗaura shi a manhajar kallon fim ko ta cacar ƙwallo, ko ya biya tallan Facebook da shi, kowane wata a riƙa zara. Wannan yana faruwa a gidajenmu fiye da yadda iyaye ke son yarda. Sai na ƙarshe, wanda ya fi haɗari: ɓarawo da ya samu lambobin katinka, ya fara gwadawa da ɗan ƙaramin kuɗi ya ga ko za ka farga.

To amma wannan hujjar ai tamu ce, ba tasu ba. Tunda kalma ɗaya tana iya nufin abu huɗu, ɗaya ba komai, ɗaya kuskuren na'ura, ɗaya ɓarnar yaro, ɗaya kuma sata, ta yaya za a ba mutum amsa ɗaya a duka, wato ka je ka jira? Wanda ɓarawo ke gwada katinsa, in ya jira kwana bakwai, me zai tarar? Duk buƙatar cire kuɗi da kati tana zuwa wa banki da sunan wanda ya nema, ko aƙalla sunan kamfanin da ya bi ta hannunsa. Minti biyu ya isa a karanta wa mutum sunan, a ce masa wannan na kamfani kaza ne, ka san shi? In ya ce bai sani ba, a rufe katin nan take. Ba alfarma ba ce wannan, aikin da aka ɗauke su su yi ke nan.

Yanzu mu juyo gida, don akwai maganar da ta shafe mu mu kaɗai. Idan na'ura ta ce bai yi ba, alat kuma ya shigo, wa ake kamawa? Yaron POS. A riƙe masa riga, a ce sai ya fito da kuɗi, jama'a su taru. An bar jaki ana dukan taiki. A mafi yawan lokuta kuɗin bai shiga wajensa ba, kuma in ya ba ka daga aljihunsa, gobe banki ya mayar maka da naka, shi ya tashi a tutar babu. Akwai macuta a cikinsu, ba mu musa ba, masu cire kuɗi sau biyu ko masu leƙen lambar sirri. Shi ya sa za ka ce ya nuna maka tarihin na'urarsa a gabanka, ka karɓi rasit ko ka ɗauki hotonsa, ka karɓi lambar wayarsa. Amma ban da cacar baki, ban da ɗaga hannu.

Muna nanata wannan ne saboda mun san inda muke zaune. A nan Kudu, faɗan mutum biyu ba ya tsayawa a mutum biyu idan ɗaya Bahaushe ne. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016, da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, sun san cewa daga ƙaramar hatsaniya aka fara, aka ƙare da gawarwaki da ƙonannun shaguna. Ba za mu yarda kuskuren kwamfutar da ke can wani bene mai sanyi ya zama sanadin ƙona rumfar talaka ba. Bankin da ya riƙe kuɗin ba zai zo jana'iza ba.

Sai masu cewa a yi haƙuri, zai dawo da kansa. Wani lokaci yana dawowa, gaskiya ne. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke komawa ya duba ya tabbatar ya dawo? Wanda kuɗi ke shiga da fita a asusunsa sau ashirin a yini, bayan mako guda ya manta da dubu biyar ɗin ranar Talata. Haƙuri halin kirki ne a kan abin da ba ka da iko da shi. Kuɗin da ke da lamba, da rasit, da wa'adin da hukuma ta yanka, barin sa ba haƙuri ba ne, kyauta ce ka yi wa wanda ya fi ka kuɗi, alhali iyalinka na da haƙƙi a kansa. Kuma duk wanda ya yi shiru ya ƙara wa ma'aikacin nan ƙarfin gwiwar sallamar ɗan'uwan da zai zo bayansa.

Abin da muke nema daga bankunan da ke da rassa a Ketu, Agege, Idi-Araba, Ojo da sauran wuraren da mutanenmu suke da yawa ba shi da wuya. Duk kuɗin da aka riƙe, alat ɗin ya zo da sunan wanda ya nema da ranar da za a sake shi, tunda ai muna biyan kuɗin alat ɗin. A ba kowane mai ƙorafi lambar ƙorafinsa ba sai ya roƙa ba. A ajiye ko mutum ɗaya mai jin Hausa a teburin sauraron jama'a, kamar yadda ake samo shi ranar farautar kwastoma. Babban Banki kuma muna ce masa, doka ba ta aiki da kanta. Idan banki ya wuce awa 72, a sa shi ya biya mai kuɗin wani abu a kan kowace ranar da ta ƙaru, kai tsaye cikin asusunsa, yadda su ma suke ɗora wa mai bashi tara in ya makara. Ran da jinkiri ya fara ci musu aljihu, za ku ga sabis ya gyaru.

Kafin nan, ga yadda za mu riƙa yi. Duk wanda ya ga an cire masa kuɗin da bai san da shi ba, ya rufe katin a take, kada ya jira gari ya waye. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa a waya don haka, ku nemi ta bankinku yau ku rubuta a takarda ku ajiye, don ranar da ake buƙatarta ba ranar nema ba ce. Ku tambayi yaran gida cikin lalama kafin ku tafi banki. Kada a goge alat, kada a yar da rasit, kuma a ɗauki hotonsa da wuri don rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin 'yan kwanaki. A banki kada ku tsaya a maganar baki. A rubuta ƙorafi, a buga muku hatimi a kwafinku, ku karɓi lambar ƙorafi. In an ce kwana bakwai, ku ce umarnin Yunin 2020 ya ce awa 72, ku ga yadda fuska za ta canja. Duk kuma wanda ya kira ku a waya ya ce daga banki yake, zai taimaka a dawo da kuɗin in kun karanto masa lambar kati ko lambar da aka turo muku, ɓarawo ne, ku kashe wayar.

Idan mako biyu ya cika banki bai warware ba, hanya ta buɗe zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, kuma ba a biyan ko sisi. Sharaɗinsu shi ne ka fara kai kuka bankinka, shi ya sa lambar ƙorafin nan take da muhimmanci. Wanda ba ya iya rubutun Turanci kada ya ji nauyi, aikin ofishin sakatare ne. Za mu rubuta wa kowa wasiƙarsa kyauta, kuma za mu buɗe littafi mu riƙa shigar da kowane ƙorafi, da sunan bankin, da adadin kuɗin, da kwanakin da ya yi a riƙe. In littafin ya yi kauri, shugabanni za su ɗauke shi su zauna da manajojin rassan, kwafi kuma ya tafi Abuja.

Duk mai kuɗin da ya maƙale, sabo ko tsoho, ya zo ofis ranar Lahadi bayan sallar La'asar da rasit ɗinsa, da wayar da alat ya shigo, da katin shaida. Katin ATM ɗin ku bar shi a aljihunku, ba ma buƙatarsa, kuma babu wanda zai tambaye ku lambar sirri. Shugabannin sassa, na 'yan gwari da mahauta da direbobi da masu gadi, a isar da wannan saƙo ga waɗanda ba sa hawa Facebook.

Sakataren Ƙungiya